JINGINAR TSUFA: AMFANINTA DA ILLARTA GA MAI GIDA A BIRNIN ZAZZAU

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya shiga Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka da hantsi, ya nufi Babban Dodo da Ƙofar Fada, ko ya karkata ya kutsa lungunan Unguwar Juma da Kwarbai da Ƙaura, ba zai rasa ganin dattawa zaune a zaurukan gidajensu ba. Da yawa daga cikinsu, in da za a kira dillali ya yi wa gidan da suke zaune kuɗi, sai a lissafa su cikin masu dukiya. In kuwa aka laluba aljihunsu, sai a tarar kuɗin cefanen ranar ma da ƙyar ya samu, balle na asibiti. Dukiyarsu tana nan a kafe cikin ƙasa da tubali, ba ta ciyuwa, ba ta kuma sayuwa sai sun yarda su fita daga inda aka binne cibiyarsu.

Wannan matsala ba ta Zazzagawa kaɗai ba ce. Turawan Amurka da na Ingila sun daɗe da karo da ita, har suka ƙago wani irin ciniki da suke ganin shi ne maganinta. Sunan da suka ba shi ma'anarsa ita ce jinginar da aka juya, amma mu a cikin wannan takarda za mu kira shi jinginar tsufa, domin tsofaffi kaɗai ake yi da su. Cinikin bai zama abin da aka saba da shi a ƙasarmu ba. Duk da haka muna ganin ya kamata malamai su auna shi tun kafin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Za mu bayyana yadda yake, mu kwatanta shi da jinginar da Bahaushe ya gada, sa'an nan mu ɗora shi a kan gida irin na cikin ganuwar Zazzau mu ga ko zai zauna.

2.0 YADDA JINGINAR TSUFA TAKE

A bashin gida da aka saba da shi, banki yakan ba mutum kuɗi ya sayi gida ko ya gina, shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Kullum bashin raguwa yake yi, rabonsa a gidan yana ƙaruwa, har ranar da zai gama biya. Jinginar tsufa ta kifar da wannan tsari. Dattijon da ya riga ya mallaki gidansa shi ne zai jinginar wa banki, banki ya ba shi kuɗi, ko a dunƙule, ko wata-wata kamar albashi, ko kuma a ajiye masa ya riƙa ɗiba gwargwadon bukata. Ba a neman ya biya ko kwabo muddin yana raye yana zaune a gidan. Kuɗin ruwa kuwa ana lissafa shi ana ɗorawa a kan uwar kuɗi, ruwan bana ya haifi na baɗi. Ranar da ya rasu, ko ya sayar, ko ya ƙaura, sai a sayar da gidan, banki ya ɗebe nasa, in da saura a ba magada.

An ce karon farko da aka yi irin wannan ciniki a Amurka shi ne cikin 1961, a garin Fotland na jihar Men. Bai yaɗu ba sai da gwamnatin tarayyarsu ta shigo ciki da wata doka da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1988, inda hukumar gidaje ta ƙasar ta ɗauki nauyin yi wa bashin inshora. Sharuɗɗan da suka gindaya su ne abin lura. Dole mai gida ya kai shekara 62, dole ya zauna da mai ba da shawara wanda ba ma'aikacin bankin ba ne kafin ya sa hannu, kuma komai yawan da bashin ya yi ba za a bi magada abin da ya wuce kuɗin gidan ba, asusun inshora ne zai cike giɓin. Magadan da ke son riƙe gidan suna iya fansarsa da biyan bashin, ko da kashi 95 cikin ɗari na ƙimar gidan in bashin ya zarce ta. Shi kuwa mai gida, wajibi ne ya ci gaba da biyan harajin gida da inshora da gyare-gyare, in ya gaza bashin ya faɗo nan take. A Ingila ana farawa daga shekara 55. Indiya ta shigo da tsarin a 2007 ga 'yan shekara 60, amma bai sami karɓuwa ba, galibi saboda iyaye sun fi son su bar wa 'ya'yansu gida.

3.0 JINGINAR DA MUKA GADA

Kalmar jingina ba baƙuwa ba ce a kunnen Bazazzagi. Manomin da bikin 'yarsa ya taso, ko haraji ya matsa masa, ko bazara ta yi tsawo rumbu ya ƙare, yakan je wurin mai hali ya karɓi kuɗi ya miƙa masa gonarsa. Mai kuɗi ya noma, ya girbe, ya ci amfani shekara da shekaru, har ranar da mai gona ko magajinsa zai kawo kuɗin ya fanshe. Masu binciken tattalin arziƙin karkarar Hausa, irin su Polly Hill a littafinta na 1972 a kan Ɓatagarawa, sun nuna yadda jingina take ɗaya daga cikin hanyoyin da gona ke fita daga hannun talaka, domin wanda ya jinginar sau da yawa ba ya samun sararin fansa, ƙarshenta sai ya nemi ciko a mayar da abin saye. Haka ake yi da ɗaki ko shago a cikin gari, da itatuwa masu amfani irin ɗorawa, har da kayan ɗakin mata.

In aka jera jinginar gargajiya da jinginar tsufa, sai a ga kowace kishiyar 'yar'uwarta ce. A ta gargajiya mai abu ne ke fita, wanda ya ba da kuɗi ya shiga, bashin kuma yana tsaye cik, fam goma da aka karɓa fam goma za a mayar ko bayan shekara ashirin ne, kuma a al'ada daɗewa ba ta mayar da jingina ciniki. A ta tsufa mai abu yana zaune cikin abinsa, babu mai taɓa shi, amma bashin yana ta kumbura a bayan idonsa, kuma tun ranar farko kowa ya san da wuya a fanshe. Ta farko tana ɗauke wa mutum amfanin dukiyarsa ta bar masa asalinta, ta biyu tana bar masa amfanin ta cinye asalin. Watau wanda ke jin zafin jinginar gargajiya shi ne wanda ya ƙulla ta, wanda zai ji zafin jinginar tsufa kuwa shi ne wanda aka bari a gidan bayan an kai mai gida makwancinsa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa nan gaba.

4.0 AMFANIN DA KE CIKINTA

Ba adalci ba ne mu yi watsi da cinikin ba tare da mun faɗi abin da ya sa mutane masu hankali suka karɓe shi ba. Babban amfaninsa shi ne dattijo ya ci guminsa ba tare da ya bar gidansa ba. Wannan kuwa a Birnin Zazzau ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya shekara saba'in yana salla a masallacin ƙofar gidansa, ana gaishe shi da sunan gidansu, ana kiransa ɗaurin aure da suna da jana'iza a unguwa, in aka ce ya sayar ya koma bayan gari ya kama haya, ko an ba shi kuɗi an kashe shi da ransa. Zaure shi ne ofishinsa, shi ne majalisarsa, a nan almajiransa ke ɗaukar karatu in malami ne, a nan yake saƙa ko ɗinkin riga in mai sana'a ne.

Na biyu shi ne rufin asiri. Tsarin gandu, wanda a dā ya sa 'ya'ya da ƙanne suna aiki a ƙarƙashin mai gida shi kuma yana riƙe da tukunya, ya riga ya sukurkuce, abin da M. G. Smith ya fara hangowa tun a bincikensa na ƙasar Zazzau wanda aka buga a 1955. Yau 'ya'yan gida suna Kaduna da Abuja da Legas, kowa yana fama da nasa iyali, mafi yawan dattawan birni kuma ba su taɓa yin aikin albashi ba balle su sa ran fansho. Tun daga janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, abin da ɗa ke aikowa ya daina kaiwa ko'ina. Dattijon da likita ya ɗora wa maganin hawan jini ko na ciwon suga har iyakar rayuwa, in yana da kuɗin da ke shigo masa duk wata daga gidansa na kansa, ya huta da miƙa hannu ga surukai. Wanda bai taɓa ganin uba yana jin nauyin roƙon ɗansa ba, ba zai san girman wannan ba.

Akwai kuma wanda ba shi da magaji na kusa, ko kuwa 'ya'yansa duk sun gina nasu a Tudun Wada ko Samaru ba su da niyyar komowa. Irin wannan, in ya ƙuntata wa kansa don ya bar gida, wa ya bar wa? Sau da yawa kango ake samu, soro ya rufta, akuyoyin maƙwabta su mayar da shi wurin kwana.

5.0 GIDAN WA ZA A JINGINAR?

Da zarar an ɗauko wannan ciniki daga inda aka haife shi aka kawo shi cikin ganuwa, tambayar farko da za ta tare shi ita ce: gidan na wane ne? Wanda ya tsara jinginar tsufa gidan Bature ya hanga, mai ɗauke da miji da mata su biyu, 'ya'ya sun girma sun watse, sunan mai gida yana rubuce a takarda. Gidan Birnin Zazzau ba haka yake ba. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen birnin ya bi tarihin mazaunansu a littafinsa na 1982, ya nuna yadda gida ke faɗaɗa yana tsukewa tare da iyalin da ke cikinsa: a yi aure a tayar da ɗaki, a yi mutuwa ɗaki ya zube, 'yan'uwa su rabu a ja katanga a fasa sabuwar ƙofa. Zaure ɗaya yana iya rufe sassa huɗu ko biyar, kowane sashe da mai shi.

Mafi yawan tsofaffin gidajen nan gidajen gado ne da ba a taɓa rabawa ba. Wanda ake kira mai gida shi ne babba a cikin dangi, shi ke karɓar baƙi, shi ke magana da mai unguwa, amma in aka zo lissafin mallaka mai yiwuwa rabonsa bai wuce ɗaki biyu da rabin tsakar gida ba. Akwai haƙƙin ƙannensa, da na 'yan'uwansa mata da ke gidajen aure, da na 'ya'yan wansa da ya rasu bayan ubansu. Kowannensu yana da ikon hana a taɓa rabonsa, kuma in aka sayar wa bare da wani kaso na gidan da ba a raba ba, shari'a ta ba abokan tarayya haƙƙin shuf'a, watau su biya kuɗin su karɓe. Bankin da ya san wannan ba zai ba da kuɗinsa ba sai an raba gado an fitar da iyaka, rabon gadon da aka shekara arba'in ana kauce masa kuwa kowa ya san irin ƙurar da yake tayarwa.

Sai batun takarda. Tun dokar filaye ta 1910 Turawan mulki suka ɗora ƙasar Arewa a hannun gwamna, dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi sawu, sa'an nan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta game Nijeriya duka. A ƙarƙashinta abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne, kuma ba shi da ikon jinginar da shi a cikin birni sai da amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, cewa wannan sharaɗi ya hau har kan wanda ya mallaki gidansa tun kafin dokar, jinginar da aka yi ba da amincewar ba kuwa ɓatacciya ce. Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADGIS a 2015 domin rajistar filaye da ba da takardun mallaka. Amma hujjar yawancin gidajen cikin birni har yanzu ita ce shaidar maƙwabta da ta mai unguwa da daɗewar zama, hujjar da ke da ƙarfi a gaban alƙali amma ba ta shiga ma'ajiyar banki.

A nan ya kamata mu ɗan ratse mu ce wani abu game da ginin kansa. Gidan ƙasa rayayyen abu ne, yana son yaɓe kafin kowace damina, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta shiga. Shekara biyu in aka yi sakaci sai katanga ta fara zubewa. Ko Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu kuma ake ji da shi a duniyar masana gini, wani sashe nasa ya rufta a watan Agusta na 2023 har aka yi asarar rayuka. Mai ba da bashi yana son abin da zai tarar da shi a tsaye bayan shekara goma sha biyar. Saboda haka ƙimar da zai yi ta fili ce kawai, filin da ke bakin titi inda za a iya fitar da shaguna kuwa ba ɗaya yake da wanda ke ƙuryar lungun da mota ba ta shiga ba. Waɗanda suka fi bukatar kuɗin su ne gidajensu za su fi faɗuwa a ma'auni.

6.0 LISSAFIN RUWA

Mu ɗauka duk an warware waɗannan, ga dattijo da gidansa shi kaɗai, ga takarda a hannu. Saura lissafi. Jinginar tsufa 'yar ƙasar da kuɗin ruwa ke da sauƙi ce. Alal misali, wanda ya karɓi Naira miliyan 5 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, bayan shekara goma za a bi shi kusan miliyan 9. Amma a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kashi 27.5 ne, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na shekarar. In muka yi sassauci muka ɗauki kashi 25, miliyan 5 ɗin nan za ta zarce miliyan 15 cikin shekara biyar, ta zarce miliyan 46 cikin shekara goma, ta kai wajen miliyan 142 cikin shekara goma sha biyar. Kusan duk shekara uku bashin na ninka kansa.

Mai kare cinikin zai ce ai kuɗin gida ma tashi yake yi, gaskiya ne kuwa. To, mu ɗauka gidan miliyan 20 ne, kuma kuɗinsa na ƙaruwa da kashi 15 kowace shekara. Bayan shekara goma zai kai wajen miliyan 81. Bankin da ke son kuɗinsa su fito daga wannan a kan ruwa kashi 25 ba zai iya ba da abin da ya kai miliyan 9 a yau ba, tun kafin a cire kuɗin awo da na lauya da na rajista. Ke nan dattijo ya ba da gidansa ɗungum a kan ƙasa da rabin kuɗinsa, ladan da ya samu shi ne zaman shekara goma. In kuma ya zaɓi a riƙa ba shi wata-wata, wata ɓarakar ta buɗe: Naira 50,000 da aka yanka masa, in farashi na tashi da kashi 30, bayan shekara uku abin da za ta saya bai kai na Naira 23,000 ba. Bashi na hawa, abin da ake karɓa na narkewa.

Ba hasashe muke yi ba, an gani a inda tsarin ya fi ƙarfi. A Ingila a ƙarshen shekarun 1980 an zuga tsofaffi da yawa suka ci bashi a kan gidajensu da ruwa mai hawa da sauka, aka zuba kuɗin a hannun jari. Ruwa ya haura zuwa kashi 15 a 1989, kuɗin gidaje ya faɗi, jarin ya karye, aka bar su da bashin da ba su iya biya. Wannan ne ya sa kamfanonin suka kafa ƙungiya a 1991 suka yi alkawarin bashi ba zai wuce kuɗin gida ba. A Amurka kuwa an sami matan da mazansu suka karɓi bashin da sunansu su kaɗai, domin matar ba ta kai shekarun ba ko don a sami kuɗi da yawa, miji na rasuwa aka aiko wa matar takardar tashi. Sai a 2014 aka gyara ƙa'ida don kare irin waɗannan mata.

Wannan misali na ƙarshe shi ya fi kamata ya tsaya mana a rai. Dattijon Birnin Zazzau ba safai yake rasuwa ya bar gida wayam ba. Yakan bar mace ɗaya ko biyu ko fiye, sau da yawa amaryar ba ta kai shekarun babban ɗansa ba, ga yara ƙanana, ga 'ya ko ƙanwa da aurenta ya mutu ta komo ɗakin uwarta, ga jikoki da 'yan riƙo. Rabon matan duka tumuni ne in akwai 'ya'ya, wanda in aka mayar da shi kuɗi ba zai saya musu ɗaki ba. Abin da ke rufa musu asiri shi ne gidan yana nan ba a sayar ba. Gidan uba shi ne inshorar 'ya mace a ƙasar Hausa, can take zuwa wankan gida, can take zaman zawarci, can take komawa in tsufa ya zo babu miji. Duk waɗannan ba za a nemi sa hannunsu ba ranar da za a ƙulla jinginar.

7.0 MATSAYIN SHARI'A

Da yake mutanen birni Musulmi ne, kuma gadonsu a gaban alƙali ake raba shi bisa mazhabar Malikiyya, ba za a tsallake wannan fage ba. Matsala ta farko a fili take, bashi ne da ake ƙara masa ruwa, watau riba. Ko jinginar gonar da muka gada malamai sun daɗe suna sukarta, domin a babin rahani ba a yarda wanda ya ba da rance ya ci amfanin abin da aka jinginar masa ba, sai in bashin na ciniki ne kuma an ambaci amfanin da lokacinsa. Ta biyu ita ce hauzi: jingina ba ta cika sai abin ya koma hannun mai bin bashi ko wani amintacce, in kuwa mai gida ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, mai bin bashi ya rasa fifikonsa a kan sauran masu bi. Zaman mai gida a gidansa kuwa shi ne ran jinginar tsufa.

Wani zai ce to a bar bashi, a mayar da abin ciniki: a sayar wa mai kuɗi gidan, shi kuma ya ɗauki nauyin dattijo har ya rasu. Malaman Malikiyya sun riga sun san wannan sura, Muhtasar na Halil ya lissafa ta cikin ɓatattun cinikai, saboda garari, domin babu wanda ya san tsawon ran mai sayarwa balle a san kuɗin da aka saya. Faransawa suna da irin wannan ciniki a dokarsu, kuma labarin da ya fi shahara a kansa ya isa sharhi. A 1965 wata tsohuwa 'yar shekara 90 a garin Arles, Jeanne Calment, ta sayar wa wani lauya ɗan shekara 47 gidanta a kan zai riƙa ba ta faran 2,500 duk wata har ta mutu. Lauya ya biya shekara talatin, ya rasu a 1995 bai kwana a gidan ba, matarsa ta ci gaba da biya, tsohuwa ba ta rasu ba sai 1997 tana da shekara 122. Abin da aka biya ya ninka kuɗin gidan. Cinikin da ribar ɗaya ke rataye da saurin mutuwar ɗaya bai dace a ƙulla shi tsakanin maƙwabta ba, balle tsakanin dangi.

Amma fiƙihun bai toshe ƙofa duka ba. Ya halatta a sayar da gida a kan kuɗi sananne a togace zama na lokaci sananne, wanda ga gida aka iyakance da shekara guda. Ya halatta wanda ya mallaki gida ya ba wani zama a cikinsa iyakar rayuwarsa kyauta, abin da ake kira umra, ba ta zuwa Makka ba. Ya kuma wajabta wa 'ya'ya mawadata, maza da mata, ciyar da iyayensu matalauta, wanda ke nuna cewa tun asali bai kamata uba ya kai ga cin gidansa ba alhali yana da ɗa mai hali.

8.0 ABIN DA ZA A IYA GINAWA A KAI

Ra'ayinmu shi ne, jinginar tsufa yadda take a Amurka da Ingila ba ta dace da gidan cikin ganuwa ba, sai fa ga ɗan adadin da muka ambata, masu gidan kansu da takarda, marasa iyali a ciki, su ma in an sami hanyar da babu riba. Amma bukatar da ta haife ta tana nan, kuma mutanen birni sun riga sun fara biyan ta da dabarunsu. Mai gida a bakin hanya yakan fasa katanga ya fitar da shago biyu ko uku ya ba da haya. Wani yakan ba ɗan kasuwa gefen fili ya gina, a riƙa cire kuɗin ginin daga haya na shekaru sanannu, bayan nan ginin ya zama na mai gida. Wani yakan yanki sashen da ya zama kango ya sayar wa maƙwabci ko ɗan'uwa, ya riƙe zaure da turaka da ɗakunan mata. Duk waɗannan suna fitar da kuɗi daga gida ba tare da bashi mai haihuwa ba, kuma abin da ya fita an san iyakarsa tun ranar farko.

Wadda muke ganin ta fi cancantar nazarin malaman shari'a, musamman na Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, ita ce jinginar tsufa ta cikin gida. A kusan kowane gida akwai ɗa ɗaya ko 'ya ɗaya da ke ɗauke da asibitin tsoho da gyaran soro, sauran suna kallo, ranar rabon gado kuma a raba daidai da ƙa'ida kamar bai kashe komai ba. Wannan ne ke sa masu hali janye hannu, ke kuma haddasa gaba bayan rasuwa. In abin da ya wuce ciyarwar wajibi, kamar kuɗin tiyata ko na sāke rufi, aka rubuta shi rance ne marar ruwa a kan uba, da shaidu, tun uban yana da lafiya da hankalinsa, to bashi ne da za a fitar daga dukiya kafin wasiyya da gado. Mai rancen ya karɓi haƙƙinsa ɗaki ko fili a kan ƙimar ranar rabo, gida bai fita daga dangi ba, matan uba ba su tashi ba. Wahalar da ke ciki ita ce faɗuwar darajar Naira, domin miliyan ɗaya da aka ranta a 2020 ba ita ce ta 2025 ba, kuma ba a mayar da rance da ƙari. Ko za a ƙulla rancen da abin da ke riƙe darajarsa, kamar buhunan siminti in gyaran gini ne, a ranta siminti a mayar da siminti, wannan tambaya ce da muke miƙa wa malaman fiƙihu da ke zauren nan, tare da ta biyu: wane ne zai ajiye takardar, mai unguwa, ko limami, ko magatakardan kotu, yadda ba za a wayi gari a ce an sa tsoho ya dangwala hannu yana kan gadon asibiti ba.